Idan Rumbu Ya Cika, Me Za a Zubar? Tarihin Musayar Fayil a Intanet

A shekarar 1999 wani ɗalibi Ba'amurke, Shawn Fanning, ya ƙirƙiro Napster, manhajar da ta ba mutane damar kwasar waƙoƙi kai tsaye daga kwamfutocin juna. Waƙoƙin na zaune a hannun jama'a, amma jerin sunayensu na hannun kamfani ɗaya, saboda haka da kotu ta yanke hukunci a kan kamfanin a 2001 sai tsarin ya rushe. Sauran tsare-tsaren wannan zamani sun ƙi dogara da cibiya guda, suka mai da kowace kwamfuta mai bayarwa kuma mai karɓa. Daga nan tambayoyi biyu suka taso: wa zai ɗauki nauyin ajiya, kuma me za a zubar idan wuri ya ƙare?

Tambaya ta farko ta bayyana a Gnutella, wadda ta fito a shekarar 2000. A wannan shekara masu bincike biyu, Eytan Adar da Bernardo Huberman, suka gano cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu amfani da ita cima-zaune ne, ba sa ba da fayil ko ɗaya. Kashi 1 cikin ɗari na masu bayarwa su ke amsa kusan rabin buƙatun jama'a. A 2001 Bram Cohen ya fito da BitTorrent bisa ƙa'idar ba ni gishiri in ba ka manda: ana gutsuttsura fayil, kwamfuta kuma ta fifita wadda ke tura mata gutsure a kan mai karɓa kawai.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, Freenet ce kuma ta tunkare ta. Ian Clarke ya tsara ta yana ɗalibi a Jami'ar Edinburgh a 1999, aka fitar da ita a 2000. Kowane mai shiga yakan ware wani yanki na ma'ajiyar kwamfutarsa, tamkar rumbun da ya ba gari aro, a zuba masa bayanai a kulle ba tare da ya san mene ne ba. Duk fayil ɗin da aka nema, kwamfutocin da ya ratsa a hanya sukan riƙe kwafinsa. Idan rumbu ya cika, sai a share wanda ya fi daɗewa ba a tambaye shi ba.

Wannan doka ba ta nuna son kai tsakanin mutane, amma tana nuna shi tsakanin fayiloli. Fim ɗin da dubbai ke nema yakan yaɗu ko'ina, littafin da mutum goma ke buƙata kuwa sai ya ɓace a hankali. Haka ma a BitTorrent, fayil yakan mutu idan masu cikakken kwafinsa suka watse.

Abin da wannan tarihi ke koyarwa shi ne, yawan masu nema ba shi ne ma'aunin daraja ba. Rubutun harsunan da ba su da yawan masu karatu a intanet, da tsofaffin takardu da nazarce-nazarce, su ne irin wannan doka ke fara zubarwa. Ba za su tsira ba sai an sami waɗanda suka keɓe musu wuri da gangan, kamar yadda manomi ke ware iri kafin a ci sauran hatsi.