Me ya sa tukwanen giyar gida suke hawa uku?

Idan ka taɓa cin karo da hoton garejin wani Ba'amurke mai dafa giyarsa a gida, wataƙila ka ga wani maɗorin ƙarfe kamar matakala, an jera masa manyan tukwane uku, kowace sama da 'yar'uwarta. Galibi mai shi ne ya ƙera da hannunsa. Ko ba ruwanka da giya, mai karatu, wannan maɗori yana da tarihi, kuma tushensa tambaya ce ɗaya: yaya za ka kwashe ruwan zafi mai nauyi daga wannan tukunya zuwa waccan ba ka ƙone ba?

Bari mu fara da dalilin tukwane ukun. A ta farko ruwa kawai ake ɗumamawa. A ta biyu ake jiƙa tsiron sha'ir da aka ɓarza, cikin ruwa mai zafin digiri 63 zuwa 70, na kusan awa guda. A wannan zafin ne sinadarin amiles da ke cikin tsiron yake farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Irin aikin da tsiron dawa ko ɗanyen dankalin Hausa ke yi kenan a kunun zaƙi. Daga nan sai a tace ruwan zuwa tukunya ta uku, a tafasa shi da wani fure mai ɗaci da ake kira hop, ya huce, sannan a zuba yis.

To, ka san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Dahuwa ɗaya ta gida a Amurka galan 5 ce, kusan lita 19, wasu kuma ninki biyu suke yi. Ɗaga wannan nauyi yana turiri ba wasa ba ne.

Manyan masana'antun giya sun fuskanci matsalar tun kafin masu gareji. A ƙarshen ƙarni na 19, masu gini a Ingila suka yawaita yin masana'antar kamar hasumiya. Injin tururi zai haura da ruwa da hatsi can ƙololuwa sau ɗaya, daga nan ƙarfin jan ƙasa ne zai riƙa gangaro da su daga bene zuwa bene, kowane bene da aikinsa. Masana'antar Hook Norton da ke yankin Oxfordshire tana nan a tsaye, da injin tururinta na shekarar 1899. Maɗori mai hawa uku ɗin nan ƙaramin kwafin waccan hasumiya ne: tukunyar ruwan zafi a sama, ta tsiro a tsakiya, ta tafasa a ƙasa, sai a buɗe famfo ruwa ya sauko da kansa.

Me ya sa aka daɗe bai shiga gidaje ba? Doka ce ta tare shi. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta yin barasa da sayar da ita. Da aka janye haramcin, an bar mutane su yi giyar inabi a gida, amma ta hatsi ba ta samu wannan izini ba. Wanda ke aiki a ɓoye kuwa ba zai kafa ƙarfe mai tsayin mutum a bayan gidansa ba. Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi a 1963. A Amurka sai ranar 14 ga Oktoba 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta, ta fara aiki a Fabrairun 1979. Ta yarda wa baligi ɗaya galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye galan 200, ba don sayarwa ba. Jihohin Alabama da Mississippi sai a 2013 suka bi sahu.

Da abin ya fito fili, dahuwa ta girma. Mutane suka riƙa yanke saman tsofaffin durom ɗin giya masu cin kusan lita 59 suna mai da su tukwane, suka ari murhun gas irin na soya talotalo. Durom ɗaya cike ya haura kilo 60. A nan ne ƙira ta zama maganar rai. Idan nauyi ya taru a sama alhali gindin maɗorin siriri ne, ɗan turi kaɗan zai kifar da shi, shi ya sa ake faɗaɗa ƙafafunsa. Katako yana da sauƙin aiki, amma maƙwabtaka da wuta ba ta yi masa. Ƙarfe mai rufin zinki, idan aka yi masa walda ko harshen wuta ya lashe shi, yana fitar da hayaƙin da ke jawo zazzaɓi. Murhun gas a rufaffen gareji kuma yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Daga baya ƙananan injinan tura ruwa masu jure zafi suka samu. Da injin a hannu, ba sai ka hau tsani ka leƙa tukunya ba, don haka masu ƙira suka sauko da tukwanen duka layi ɗaya, daidai ƙugu. Masu dafawa a Ostireliya kuma suka yaɗa wata dabara: a zuba tsiron cikin jakar yadi, a tsoma a tukunya ɗaya, a ɗaga jakar in an gama. Tukunya ɗaya ba ta bukatar matakala.

Duk da haka mai hawa uku bai ɓace ba. Injin yana toshewa, wuta tana ɗaukewa, shi kuwa ƙarfin jan ƙasa kullum yana bakin aiki, kuma kyauta ne. Lissafin da ya sa ka ɗora tankin ruwan gidanka a sama kenan.