Kunya da Ɗan Aikenta: Tarihin Furta So a Ƙasar Hausa

Tun zamanin kakanni, babu maganar da ta fi yi wa saurayi nauyin baki irin ya gaya wa yarinyar da suka shaƙu cewa yana son ta. In ya faɗa ta ƙi, zumunci ya ɓaci. In kuwa ya yi shiru, wata rana sai dai a miƙo masa goron ɗaurin aurenta.

Magabata ba su yaƙi kunya ba, ɗan aike suka nema mata. Saurayi kan tura abokinsa dandali da 'yar kyauta, amsa ta dawo ta bakin ƙawar yarinyar. Taubasai kuwa cikin raha suke sako zancen. In bai karɓu ba, a ce ai wasa ne.

Bayan ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a Nijeriya cikin 1976, masu iya rubutu suka yawaita, sai wasiƙa ta karɓi aikin, ƙanin yarinya ya zama masinja. Littattafai irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980) da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) suka fito da zancen so fili. Daga 2001 kuma wayar salula ta gaji takarda.

Ɗan aiken ya yi ta sauyawa, amma hikimar ɗaya ce: a tambaya, a amsa, ba tare da an haɗa ido ba, don ko an ƙi, gaisuwa ta ɗore.