Yaji Ya Girmi Barkono

Wanda ya ratsa kasuwar Tudun Wada ta Zariya da rani, ya ga buhunan busasshen barkono da tattasai da ake saukewa daga fadamun Hunkuyi da Giwa, zai ɗauka da su kaka da kakanni suka yi miya. Alhali barkono baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meksiko suke nomansa dubban shekaru, kuma bai ƙetare teku ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492. Jiragen 'yan Fotugal, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana a 1482 suka kuma ci birnin Malaka a 1511, su suka baza irinsa a Afirka da Asiya.

Amma yaji ya riga shi zama a ƙasar Hausa. Kafin barkono, kaifin abinci yana fitowa daga masoro da kimba, 'ya'yan dazukan kudu da fatake ke haurowa da su, da citta, wadda har gobe ake nomawa a Kaciya da Kwoi, da kanumfari. Shi kanumfarin nan da ake dakawa a yajin jego, asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, ya biyo hannun Larabawa ya tsallako Sahara. Can ma labarin ɗaya ne. Mutanen tsibirin Java suna da sambal, markaɗaɗɗen ɗanyen barkono da ake murzawa a faifan dutse da gishiri da terasi, wato jatan lande da aka tsima har ya yi wari kamar daddawa. Ba a cin shinkafa sai da shi, amma su ma da citta da wani dogon masoro suka saba kafin Fotugal su iso. A wurare biyun barkono ya tarar da turmi da harshen da ya san yaji, ya samu gindin zama saboda yana tsira a bayan ɗaki, talaka ba ya jiran ayari.

Wani zai ce, to ai yajin ba na gargajiya ba ne, tunda gyaɗar ƙulin da mai tsire ke barbaɗawa ita ma daga Kudancin Amurka ta zo. Ina ganin gargajiyar tana hannun mai daka: ta shanya barkonon har ya riƙa ƙara a cikin faifai, ta cire hancinsa, ta san yawan cittar da ɗanwake ke so da wadda mai jego za ta iya ɗauka, ta tankaɗe, ta mayar da tsakin turmi. Wannan ilimin ba jirgi ne ya kawo shi ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa, in baƙo yana zama ɗan gida, me ya sa ake kuka da dunƙulen Maggi da ya cika yajin yau? Bambancin a fili yake. Barkono ya shiga gona, manomi ya riƙe irinsa, kuɗinsa na zagayawa tsakanin ƙauye da kasuwa. Dunƙule daga kamfani yake fitowa kullum, kuma gurbin da yake ci na daddawa ne, sana'ar matan da ke dafa kalwa su tsima ta, a lokacin da itatuwan ɗorawa ke ƙarewa a hannun masu gawayi.