Jam'iyyar Nasara a Majalisar Dokoki

Ɗan'uwa mai karatu, ko kana Magarya, ko Dungas, ko Waca, ko Malawa, ka sha jin sunan MNSD-Nasara. Yau za mu ba ka tarihinta.

A ƙasar da ke da jam'iyyu da yawa, akan sami wadda ake kira ta 'yan mazan jiya. Ita ce mai son a riƙe abin da aka tarar: sarauta, al'ada da tsarin hukuma. In za a canza abu, a bi sannu. A Nijar, Nasara ce ta fi kama da haka.

Tushenta yana cikin zamanin Kunce, lokacin da aka haɗa samariya da ƙungiyoyin manoma da sarakuna don aikin ci gaban ƙasa. A 1989 Janar Ali Saibu ya mai da wannan tsari jam'iyya, ita kaɗai a ƙasa. Taron ƙasa na 1991 ya karɓe iko daga hannunta. Mutane da yawa sun ce ta mutu. Ba ta mutu ba, don tana da mutane a kowane gari. Ta zaɓi Tanja Mamadu ya shugabance ta.

To, ga wurin da za ka yi lissafi. A zaɓen Fabrairu 1993 majalisa tana da kujeru 83. Nasara ta ci 29, ta fi kowa. CDS-Rahama ta Mahaman Usman, wadda ƙarfinta yake nan Damagaram, ta ci 22. Amma mai son kafa gwamnati sai ya tara 42. Rahama da Tarayya da Zaman Lahiya da wasu suka yi ƙawance, suka tara 50. Ka ga ke nan, mai 29 ya koma adawa. Mahaman Usman kuma ya kada Tanja a zaɓen shugaban ƙasa.

Nasara ta karɓi kaye, ta zauna a majalisa tana jiran lokacinta. Ba ƙaramin abu ba ne ga jam'iyyar da ta saba mulki ita kaɗai.

Jiran bai daɗe ba. A 1994 Tarayya ta fita daga ƙawancen. Aka sake zaɓe a Janairu 1995. Nasara ta sake cin 29, amma da abokanta suka kai 43. Hama Amadu ya zama firaminista, Mahaman Usman yana shugaban ƙasa. Aka yi zaman doya da manja, aikin hukuma ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

A 1999 abokan gaban jiya suka shirya. Nasara ta ci 38, Rahama 17. Tanja ya hau mulki, Mahaman Usman ya zama shugaban majalisa. Wato ƙuri'ar Damagaram, wadda ta hana Nasara mulki a 1993, ita ce ta cika mata mudu. Wannan ƙawance ya kai kusan shekara goma. A lokacin ne aka gina ɗakunan karatu da ƙananan gidajen magani a karkara. A 2007 majalisa ta nuna ƙarfinta, ta tuɓe gwamnatin Hama Amadu.

Sai maganar tazarce ta taso. A Mayu 2009 Tanja ya rushe majalisa don ya zarce, Rahama ta janye daga gwamnati. A nan jam'iyyar da ke cewa a riƙe tsari ta karya shi da hannunta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka hamɓare Tanja. A 2011 ɗan takararta Seini Umaru ya sha kaye a hannun Mahamadu Isufu. Daga nan ba ta sake samun shugabancin ƙasa ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da ayyukan jam'iyyu. A Maris 2025 aka rushe su duka, har da Nasara.