Asalin Sunan Inabin Merlot

Bahaushen unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde yana rayuwa ne a tsakiyar Faransanci, har sunan unguwarsa ma daga can ya fito: saiwa brique, wato tubali, da ɗafa-ƙeya -erie mai nuna wurin sana'a, saboda masana'antar tubalin da ta taɓa zama a wurin. Da irin wannan tsirar kalma aka sami Merlot, sunan wani baƙin inabi da ake yin jar giya da shi a yankin Bordeaux na Faransa.

Hausa ta aro kalmar inabi daga Larabci, kamar yadda ta aro zabibi, busasshensa. Amma ba ta raba shi iri-iri ba, domin a da ba amfanin gonar ƙasar Hausa ba ne, kuma Musulunci ya haramta giya. Manomin Faransa kuwa kowane iri da sunansa, kamar yadda Bahaushe ya bambanta kaura da farfara.

Tushen Merlot shi ne merle, wani baƙin tsuntsu mai rawayan baki, daga merula ta Latin. Ɗafin -ot yana ƙanƙantarwa, ke nan ma'anar ita ce ɗan baƙin tsuntsu. An fara ganin sunan a rubuce a 1784 da siffar merlau ta harshen Oksitan, sannan Merlot ta bayyana a 1824. Dalili biyu ake bayarwa. Wasu sun ce launin 'ya'yan ne ya yi kama da gashin tsuntsun. Wasu kuma sun ce inabin yana nuna da wuri, sai tsuntsun ya riga manomi ɗanɗanawa. Na biyun ya fi kama da tunanin manomi, wanda ɓarnar tsuntsu ta fi damunsa fiye da launi. Hausa ma tana raɗa wa tsiro sunan tsuntsu: nonon kurciya, misali.

Sunan bai faɗi iyayen inabin ba. Sai a 2009 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ya samu ne daga barbarar Cabernet Franc da wani tsohon iri da ya kusa ɓacewa, wanda aka sa wa suna Magdeleine Noire des Charentes, domin yakan nuna wajen 22 ga Yuli, ranar da Kiristoci ke tunawa da Maryamu Magadaliya.