Daga Gimi zuwa Wusasa: Yadda Kiristocin Hausawa Suka Riƙe Addininsu a Gida da Gona

Cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Makarfi akwai Ɗandamisa da Gazara da Gubuci da Mayere, akwai kuma Gimi, wadda layin dogon da ya haɗa Zariya da Kano ya ratsa ta gefenta. An fi sanin wannan yanki da noman rake. Amma a Gimi ne, shekaru fiye da ɗari da suka wuce, aka fara gwada wani abu da ƙasar Hausa ba ta saba gani ba, wato ƙauyen da mazaunansa Hausawa ne gaba da baya, kuma Kiristoci ne. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba. Sai dai tambayar da ya taso da ita tana nan har yau a ƙasashen Makarfi da Ikara da Kudan: me mutum zai riƙe, me kuma zai saki, idan yana son ya zama Kirista ba tare da ya daina zama Bahaushe ba?

Almajiran Malam Ibrahim

Labarin ya fara ne tun kafin zuwan Turawan mishan. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a birnin Kano mai suna Malam Ibrahim. Nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, alaihis salam, fiye da yadda malaman zamaninsa za su lamunta. An nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan gabashin ƙasar Zazzau, suna noma suna koya wa 'ya'yansu abin da suka gada.

Isawa ba Kiristoci ba ne a wancan lokaci. Ba su da majami'a, ba su da Linjila a hannu, karatunsu na allo ne. Abin da suke da shi shi ne saurare, domin sun gaji zancen cewa wata rana wani zai zo da cikakken bayani game da Isa.

A ɗaya ɓangaren kuma, a 1900 ayarin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta yi marhabin da aikinsa ba, tunda Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a tsoma baki cikin addininsu ba. Sai a 1913 wasu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurin Miller da ƙafarsu. Daga wannan haɗuwa aka samu filin da aka kafa sabon mazauni a Gimi.

Rayuwar Gimi

Wanda aka ɗora wa kula da Gimi shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ƙasar da rake ya zama tarihinta. Mazauna suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta, suka sari daji. Marubutan tarihin mishan suna danganta shigowar injin matse rake da dafa mazarƙwaila a wannan yanki da aikin da aka fara a Gimi. Duk wanda ya san matsayin rake da mazarƙwaila a arzikin Makarfi da Kudan a yau zai gane cewa wannan ba ƙaramar gado ba ce, kuma Musulmi da Kirista duk sun ci moriyarta.

A Gimi ne aka fara fuskantar matsalolin yau da gobe na sabon addinin. Manomi ya saba da ranar hutu ɗaya, yanzu Lahadi ta zama ranar da ba a taɓa fartanya ko da damina ta kankama. Yaron da ya saba da allo da tawada ya koma karatun boko. Mafi wuya duka shi ne aure. Tun a taron Lambeth na 1888 shugabannin cocin Angilika suka yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba. Ga magidanci Bahaushe wannan hukunci yana nufin zaɓi tsakanin cikakken shiga ikilisiya da sallamar matar da ta haifa masa 'ya'ya, wadda ba ta yi masa laifin komai ba. Shekara ɗari cur aka yi kafin taron Lambeth na 1988 ya sassauta, ya yarda a karɓi irin wannan magidanci da iyalinsa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba.

Abin da ya rushe Gimi ba sarki ba ne, ba kuma gwamnati ba. Ƙudan tsando ne da ke kurmin bakin rafi. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, cikin 'yan shekaru ya kashe mafi yawan mazaunansa, waɗanda suka rage da yawansu suka koma Zariya. Cutar ta ci gaba da addabar yankin har gwamnati ta ƙaddamar da shirin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, inda aka sare kurame, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon garin Takalafiya.

Wusasa: addini cikin harshen gida

A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, bayan ganuwa. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a wannan shekara ginin ƙasa ce irin na magina Zazzau, da bakan gizo da kaurin bango. Kusa da ita aka kafa makaranta da asibitin St. Luke. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya jagoranta tare da Hausawan da suka zauna da shi suna auna kowace kalma.

Wannan fassara ta yi tasiri a kan rayuwar yau da kullum fiye da kowane gini. Kalmomin da ta ɗauka su ne waɗanda Bahaushe ya riga ya sani: Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi, tuba, alheri, annabi, mala'ika. Saboda haka Kiristan Wusasa da maƙwabcinsa Musulmi suka ci gaba da gaisawa da harshe ɗaya, suna cewa "in Allah ya yarda" da "Allah ya jiƙan rai", ko da yake abin da kowannensu ya gaskata game da Isa ya bambanta. Sunayen da ake raɗa wa yara ma sun zauna a tsakiya: Yakubu, Dauda, Ishaya, Saratu, Maryamu, ga kuma Ladi da Talatu da Audu. Daga baya wannan Hausa ta littafin ta zama harshen sujada ga miliyoyin mutanen Filato da kudancin Kaduna da Adamawa waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce.

Mutanen da wannan ƙaramar al'umma ta fitar sun fi ƙarfin yawanta. Dakta R. A. B. Dikko shi ne likitan zamani na farko daga Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Sunansa asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna yake ɗauke da shi. John Tafida Umaru ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne; ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje a 1979, daga bisani ya koma Samaru yana duba marasa lafiya yana kuma wa'azi. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Abin lura shi ne yawancinsu ta hanyar sana'a aka san addininsu: asibiti, aji, ofis. A wurin da gwamnati ta taƙaita wa'azi a fili, halin mutum a bakin aikinsa ya zama shaidarsa.

Zuwan Maguzawa

Yawancin Kiristocin da ke ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan a yau ba daga Gimi suka fito ba. Zuriyar Maguzawa ne, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya bayan jihadi, suna zaune a gidajen gona nesa da gari. Daga shekarun 1970 zuwa gaba da yawansu suka musulunta, da yawa kuma suka shiga majami'u irin su Angilika da ECWA da Baftis da Katolika. Yawansu ya kai har cocin Angilika ta kafa dayosis a Wusasa, daga baya kuma ta kafa wata a Ikara.

Su ma gwajinsu a cikin gida ya same su. A gidan Bamaguje giya abin tsafi ce, abin sallamar 'yan gayya ce, kuma babbar hanyar samun kuɗin mace ce. Majami'un da suka hana giya sun taɓa aljihun uwargida kai tsaye, dole ta nemi wata sana'a. Yankan da ake yi wa iskoki kafin shuka da bayan girbi ya ba da wuri ga addu'ar roƙon ruwa da sujadar godiya ta kaka, inda manomi ke kawo damin dawa ko buhun masara gaban ikilisiya. Zumuntar Mata, da kayanta iri ɗaya da waƙoƙinta na Hausa da kiɗan tulu, ta ɗauki nauyin da dangi ke ɗauka a da: gaishe da mara lafiya, taya mai jego aiki, zaman makoki. Gayya da biki da kunya tsakanin surukai kuwa ba su gusa ba.

Tsakanin gida biyu

Wahalar da ta fi daɗewa ita ce ta samun gurbi. A idon Musulmi da yawa Bahaushe Musulmi ne, don haka Kiristan da ke cewa shi Bahaushe ne abin mamaki ne. A idon Kiristoci da yawa daga Kudu, mai babbar riga da hula da sunan Audu abin tuhuma ne. Idan rikici ya tashi, wannan matsayi yakan zama haɗari. Tarzomar Maris 1987 da ta faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu zuwa Zariya da Wusasa da Ikara, aka ƙona majami'u masu yawa, ciki har da na mutanen da harshensu da kakanninsu ɗaya ne da na masu ƙonawar. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya sake buɗe wannan miki a arewacin jihar. Irin wannan hali na cikin dalilan da suka sa Kiristocin Hausawa da Fulani da Kanuri suka haɗu a Tarayyar Masihiyawan Najeriya, suna kokawa kan samun filin gina majami'a da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da koyar da addininsu a makarantun gwamnati.

Duk da haka, rikici ba shi ne mafi yawan kwanakin shekara ba. A ƙauyukan wannan yanki ana samun gida guda da wa Musulmi, ƙane Kirista, gonar gado ɗaya. Ana aika wa maƙwabci naman layya, shi ma ya aiko da shinkafar Kirsimeti, kuma Kiristoci da yawa kan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki domin kowa ya iya ci. Babu majalisar malamai ko ta limaman coci da ta zauna ta tsara wannan. Mutanen da dole su yi kasuwa ɗaya su sha rijiya ɗaya ne suka samo shi da kansu.

Masu tsara manufofi da masu rubutu kan Arewa sukan raba ta gida biyu, Hausawa Musulmi a sama, ƙananan ƙabilu Kiristoci a ƙasa. Tarihin Gimi da Wusasa da ƙauyukan Ikara ya nuna cewa wannan rabo ya bar wasu mutane a waje, mutanen da suka ba Arewa likitanta na farko da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci babbar jami'arta, waɗanda kuma har yau jikokinsu ke neman a yarda cewa Hausawa ne.