Ƙafar Fijo: abin da ya ba 504 sarautar hanya

A bakin makanikan Kano da Kaduna, duk abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota sunansa ƙafa. Sifirin da ke ɗauke da nauyi, da shokozoba mai hana mota rawa bayan ta faɗa rami, da robobin bushin, da sandunan da ke kai saƙon sitiyari zuwa taya, duka ƙafa ne. Idan kuwa ana tarihin ƙafar mota a wannan yanki, ba a tsallake Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. Injinta ba wani abin a-zo-a-gani ba ne ko a zamaninta. Ƙafarta ce ta ɗora ta a kan sauran motoci na tsawon shekaru masu yawa.

Tushen ƙafarta ta gaba a Amurka yake. Wani injiniya mai suna Earle MacPherson, wanda ya yi aiki a General Motors kafin ya koma Ford a 1947, shi ya fito da dabarar haɗa sifirin da shokozoba a sanda guda, a ɗaure samanta a jikin mota, ƙasanta kuma ya riƙe taya. Motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila suka fito da ita a 1950. Kayan haɗinta kaɗan ne, kwance ta da mayar da ita ba wuya. Peugeot ta ɗauki tsarin a motarta 404 ta 1960, sannan ta kyautata shi a 504, wadda aka nuna wa duniya a birnin Faris cikin Satumban 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969.

Abin da Faransawan suka ƙara shi ne nisan tafiya. Sun ba tayar 504 fili mai yawa na hawa da sauka kafin ta kai iyaka, suka sa mata sifirin mai laushi, suka ɗaga cikinta daga ƙasa. Amfanin wannan sai a hanyar burji mai gargada. Mota mai taurin ƙafa tsalle take yi daga tudu zuwa tudu, kuma duk lokacin da taya ta bar ƙasa, birki da sitiyari sun zama ado. Mai laushin ƙafa kuwa tayarta bin ƙasar take yi. Sai dai laushi kaɗai mota zai mayar kwalekwale, shi ya sa nauyin aikin ya koma kan shokozoba, wadda ke tura mai ta ƙananan kafofi don ta kashe lilon sifirin. A kan gargada ba ta samun hutu, man ya yi zafi, ya yi kumfa, ƙarfinta ya ragu. Peugeot na cikin kamfanonin da ke ƙera shokozobarsu da kansu maimakon saye a waje, kuma a nan ta yi wa tsaranta zarra.

A baya, ƙaramar 504 ta farko tana da ƙafafu masu cin gashin kansu. Doguwar, wato wagon, gatari guda aka sa mata mai sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, domin kaya. Ita ce ta zama motar tasha. A-kori-kurar kuma sifirin faranti aka ba ta, irin na manyan motoci.

Gasar Safari ta Gabashin Afirka ta tabbatar da zancen. Motar 404 ta lashe ta a 1963, da kuma sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe ta da 504. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ana sauke mata kayan haɗi ta jirgin sama daga Liyon zuwa filin jirgin Kano. Da gwamnatin Obasanjo ta soja ta mayar da 504 motar jami'an gwamnati, sai ya zama babban sakatare da direban Kano zuwa Maiduguri mota iri ɗaya suke hawa. Kowane gareji ya san cikinta, kowane mai sayar da kayan gyara yana da nata.

A kan wannan mota ce dubban yaran gareji suka koyi karatun ƙafa. Ana ɗaga ta da jak, a kama taya a girgiza ta hagu da dama. In ta yi wasa, tayarod ya ci. In wasan na sama da ƙasa ne, sai a duba boljoyin ko boris. A danna kusurwar motar a saki. In ta ci gaba da lilo, shokozoba ta mutu. Tayar da ke cinyewa ta gefe guda kuwa alaimen take nema. Sitiyarin 504 na sanda mai haƙora ne, gaɓoɓinsa kaɗan, kuma babban maƙiyinsa shi ne yagewar robar da ke rufe bakinsa. Da ta yage, ƙurar hunturu da laka ta damina sun samu ƙofa, su cakuɗe da giris su riƙa goge ƙarfen a hankali. Robar ba ta da tsada, amma ita aka fi yi wa sakaci.

Abin ya sauya daga 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. Kayan gyara na asali suka fi ƙarfin aljihu, lodin fasinja da kaya kuma ya ƙaru domin a fitar da kuɗin mai. Sai dabara ta maye gurbin saye. Aka riƙa yanka bushin daga tsohuwar taya, ana cusa roba tsakanin zoben sifirin don ɗaga bayan mota, ana ƙara faranti a sifirin a-kori-kura, ana ɗura wa tsohuwar shokozoba mai. Ana yawan ba da labarin waɗannan dabaru cikin alfahari, kuma wasunsu sun cancanta. Amma ba duka ba. Bushin na taya, mafi munin abin da zai yi shi ne ƙara da saurin lalacewa. Boljoyin da aka daddake da guduma don ya daina wasa, ko tayarod da aka yi wa walda, ba sa ba da sanarwa ranar da za su saki, kuma in suka saki ana cikin gudu, direba ba shi da sauran iko da tayar. Haƙurin da 504 take da shi ne ya ɓoye illar irin wannan gyara, har ya zama al'ada aka ɗauke ta zuwa kan motocin da ba su da wannan haƙuri.

Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Kafin lokacin, motocin Beljiyam masu shigowa ta Kwatano sun cika tashoshi, galibi masu jan gaba, masu gajeriyar ƙafa, waɗanda aka tsara domin kwaltar Turai. Kayan ƙafarsu a rufe suke zuwa, ba a kwance su a gyara, sai dai a cire a sa wani. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, yawancin abin da mai mota zai samu ya sa ɗin ma tsoho ne da aka ciro daga wata motar a Turai.